Alkakin Hajiya a kan sikeli: daga Sha'aban zuwa Sallah a Makka

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025 (2 ga Sha'aban 1446)

Aikin da na ɗaura wa ɗamara a bana shi ne mayar da kayan zaƙin surukata Hajiya zuwa giram da minti, in rubuta su a littafi guda, yadda jikokinta za su iya yi ko tana kusa ko ba ta kusa. Abu biyar ne: alkaki, dubulan da nakiya da ta taho da su a ka daga Kano tun tana amarya, sai ma'amul (biskit mai cikin dabino) da dibyaza (kayan zaƙin safiyar Sallah) da ta koya a nan Makka wurin maƙwabta. Ina so kafin Ƙaramar Sallah a ce an gama.

'Yan matana biyu ne suka tunzura ni. Haifaffun nan ne, kuma babu mai gashin kek da ta yi suna a Snapchat ko TikTok da ba su san ta ba. Ka tashe su cikin dare za su gaya maka giram nawa na cuku ke shiga kek ɗin San Sebastian, da irin zafin da ake ba shi har samansa ya ƙone. Amma a miƙa musu kwaɓin alkaki a ce su naɗe, sai kallon-kallo. Ban ga laifinsu ba. Masu bidiyon nan da abu ɗaya suka ci kasuwa: suna faɗin awo. Tun Manal Al-Alem tana girki a talabijin, kafin zuwan YouTube, abin da ya sa matan Larabawa suka riƙe ta ke nan: kofi kaza, cokali kaza, minti kaza, ki bi ki samu. Hajiya kuwa awonta "ɗan daidai", "hannu biyu", "har sai ya yi". Yarinyar da ta tashi da sikeli ina za ta kai "har sai ya yi"?

Da na kai wa Hajiya maganar, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, alkakin za ki ɗora a sikeli sai ka ce gwal? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Na ce, "Hajiya, idonki ne ya sani, nasu bai sani ba." Ta yi dariya ta amince, da sharaɗin ba mai ɗaukar fuskarta a waya. Hannu dai an yarda.

Tsarin shi ne in ɗora kwano a sikeli, in mayar da shi sifiri, ta ɗebo da hannunta yadda ta saba, ni kuma in rubuta abin da allon ya nuna.

Talata, 4 ga Fabrairu

Cefane. Kanwa, tsamiya, kimba da masoro daga shagunan 'yan uwanmu na Shari'a Mansur. Ƙaramin katakon buga ma'amul mai zanen fure daga kasuwar Utaibiyya, don na Hajiya ya tsage.

Alkama ce ta ba mu wahala. A gida tsabarta ake saya, a surfa, a wanke, a shanya, a kai inji a ce a barza. Nan kuwa ko dai fulawa mai laushi, ko jarish. Jarish barzajjiyar alkama ce da ake dafawa da nono da nama, ita ce ma aka ayyana a matsayin abincin ƙasa na Saudiyya a 2023. Sai dai ta yi wa alkaki girma. Hajiya ta murza ta tsakanin yatsu ta ce, "Wannan ai ta fate ce." Dabarar da muka tsaya a kai: a zuba jarish a injin markaɗe na busasshen kaya, a ɗan juya kaɗan-kaɗan, a tankaɗe da rariya mai ɗan faɗin ido, abin da ya ƙi wucewa a mayar. Wanda ya sauko shi ne daidai, tsaki-tsaki, ba gari ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An ɗora alkaki a sikeli. Jiya bayan isha'i aka yi kwaɓi. Ga abin da hannun Hajiya ya ɗebo: barzajjiyar alkama kilo 1, mai giram 120, laban (nonon Larabawa) giram 450, yis giram 5. Man ake fara zubawa a murza da tafin hannu har kowace ƙwaya ta sha, a dunƙula a ga ta riƙe ta kuma warware da an taɓa. Sannan laban, a kwaɓa da tauri, a rufe ya kwana.

Yis ɗin nan ƙari ne na zaman Makka. A Kano, in ji ta, nonon Fulani mai tsami shi kaɗai yake tayar da kwaɓi. Laban ɗin roba da muke saya a baƙala, wato kantin unguwa, ba shi da wannan kaifin, dole a taimaka masa.

Da safe ta jiƙa kanwa, ta tace ruwan, ta riƙa yayyafawa tana cuɗawa. Nan ne sikeli ya fara jin kunya. Ruwan kanwa ba shi da ƙarfi ɗaya; wata kanwar ja ce, wata fara, wata rabinta ƙasa ce. Hajiya ba yawan ruwan take dubawa ba, hanci take kaiwa ta ji ko tsamin ya karye, ta kuma duba ko kwaɓin ya ɗan sauya launi zuwa ruwan ƙasa. Aikin kanwa ke nan: ta kashe tsami, ta sa ya yi sauƙi a baki, ta kuma sa ya yi ja a mai. In ta yi yawa sai ya yi duhu ya yi ɗaci tun cikinsa bai nuna ba. Na rubuta: "kanwa giram 10 a ruwa giram 100, a zuba cokali-cokali, a tsaya da zarar warin tsami ya tafi." Rabin jimlar awo ce, rabi hanci.

Naɗin kuma abin kallo ne. Ta gutsiro, ta mulmula a bayan faranti ya yi tsawo da kaurin ƙaramin yatsa, ta zagaya shi a yatsu biyu, ta zagaya kuma, ta kawo jelar ta ɗaure tsakiya, ta danna da babban yatsa. Kafin in ɗaga biro ta ajiye uku. Babbar 'yata ta ɗauki hannun a waya, muka riƙa mayar da bidiyon a hankali muna kallo. A nan dai wayar ta yi rana.

Suya a wuta marar ƙarfi, na sa ma'aunin zafi na ga yana yawo wajen digiri 160. Ya fi haka, waje ya yi ja ciki ɗanye.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na yi ni kaɗai da awon littafi, ba Hajiya. Ya yi tsami fiye da nata. Zafin garin ne: "ya kwana" a hunturun Kano daban, "ya kwana" a kicin ɗin Makka da rana ta fara wuce 30 daban. Ranar da muka yi da ita, a falo ta ajiye kwanon, inda mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki, ba ta kuma ce komai ba, don a wurinta wannan ba ya cikin girki. Na ƙara layi: awa 8 a ɗaki mai sanyi, in kuma za a wuce haka a sa a firij.

Irin wannan ne ba a gani a bidiyon minti ɗaya. Za a nuna maka an rufe kwano, a yanke, a nuna an buɗe ya taso. Inda aka ajiye shi, da awannin da ya yi, da wanda ya lalace aka zubar, duk suna cikin yankan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ya yi. Hajiya ta karya ɗaya, ta duba cikinsa, ta ci, ta ce, "To." A bakinta wannan yabo ne.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau hutun Ranar Kafuwar Ƙasa, ana tuna 1727. Auta ta nace sai an yi maƙshush, 'yar wainar mutanen Ha'il da ake ci da man shanu da zuma ko ruwan dabino, wadda aka ayyana kayan zaƙin ƙasa tare da jarish. Ba wuya, ruwa-ruwan kwaɓi ne a ɗiɗɗiga a kasko. Aka ci aka tashi, muka shiga ma'amul.

Ma'amul iri-iri ne. Wanda yaran suke gani a bidiyon 'yan Sham da Lebanon na samid ne, garin alkama mai tsaki, a cuɗa da man shanu ya kwana ya sha, a kwaɓa da ruwan fure. Na Hajiya fulawa ce, shi ya sa yake narkewa a baki ba ya ɓarɓashi. Awonta: fulawa giram 500, man shanu narkakke giram 220, garin sukari giram 40, madara giram 80, mahalab da hel (kayan ƙamshi ne) ɗan kaɗan. Sukarin ba shi da yawa da gangan, zaƙin yana cikin dabino. Doka ɗaya ta nanata: ba a cuɗa shi. "Haɗa shi za ki yi, 'yar nan, ba dambe za ki yi da shi ba." In aka cuɗa fulawa ta yi danƙo, sai ya fito da tauri.

Kan dabino an yi muhawara. Babbar ta ce Sukkari na Ƙasim, ai shi ne mai suna. Hajiya ta ce zaƙinsa ya yi yawa ga wannan aiki, ga tsada. Ajwa ta Madina kuwa ba mai hankalin da zai niƙe ta a cikin ma'amul, wannan ta tsarabar alhazai ce. Khalas na Ahsa muka ɗauka, mai laushi, mai ɗanɗanon da ke tsayawa bayan gashi. A cire ƙwallo, a ɗan ɗumama da cokalin man shanu, kirfa da hel, a dama har ya daina kama hannu. Kwaɓi giram 20, dabino giram 12. A danna a katako, a buga gefensa a tebur sau ɗaya, ya faɗo da zanensa.

Obin ɗinmu na gas ne mai wutar ƙasa da ta sama. Ƙasa tukuna, 180, minti 15, har gindinsa ya yi ja. Sannan ta sama minti biyu kawai, kina tsaye a wurin. Ma'amul fari ake son sa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu (28 ga Sha'aban)

Sha'abana a gidan yayar maigida. Al'adar mutanen Hijaz ce, dangi su taru a ci a sha kafin azumi ya shigo. Na kai alkaki da dubulan. Dubulan bai ba ni wahala ba ko kaɗan: fulawa, ƙwai, mai, a murza ya yi siriri, a yanka, a naɗe, a soya, a tsoma a ruwan sukari. Shi kam sikeli ya kama shi tsaf.

Wata maƙwabciyarsu Balarabiya ta ɗauki alkaki tana juyawa, ta ce ai mushabbak ne. Goggon maigida ta ce mata, "Ci tukuna." Mushabbak ruwan kwaɓi ne ake zubawa a mai, yana da sauƙi, ya kwana biyu ya saki. Alkaki kuwa yana da nauyi, yana kuma yin makonni bai canja ba, shi ya sa yake shiga gara. Matar ta ci biyu, ta nemi na tafiya da shi gida.

Alhamis, 6 ga Maris (6 ga Ramadan)

An ɗauki azumi ranar Asabar. Aiki ya koma dare, tsakanin tarawihi da sahur, tunda da rana ba bakin ɗanɗanawa, kuma sambusa da shorba sun cinye la'asar. Garin ya cika maƙil da masu umara, zuwa baƙala ma sai an shirya.

Yaran sun kawo nasu ƙorafin: wata guda suna naɗin alkaki, su ma a yi nasu. Nasu kuwa cakulan Dubai ne, wanda ya taso daga shagon Fix a Dubai ya karaɗe duniya tun ƙarshen 2023. Cikinsa ba wani asiri: zaren kunafa (siririyar taliyar fulawa) a soya a bota ya yi ƙaras-ƙaras, a haɗa da niƙaƙƙen fustuƙ (pistachio) da ɗan tahina (niƙaƙƙen riɗi). Wahalar a ɓawon take. Cakulan na gaske ba a narkar da shi kawai a zuba. Baƙin sai an kai shi wajen 45 zuwa 50, a sauko da shi 27, a ɗan mayar 31, sannan zai daskare da sheƙi ya karye da ƙara. In ba haka ba ya fito da farin dishi-dishi, yana narkewa a yatsa. A kicin ɗin da ya kwana yana suya, sauko da shi 27 ɗin ma aiki ne. Sai da muka kwashe kayan muka koma ƙarƙashin mukayyif. Abin da ya burge ni, babbar ta san lambobin nan a ka, ba ta duba waya ba. Ashe in an ba su awo suna riƙewa.

Hajiya ta ɗanɗana, ta ce da daɗi, ta tambayi kuɗin fustuƙ ɗin, aka gaya mata, ta ce, "Allah ya kyauta."

Laraba, 12 ga Maris

Ruwan sukari na ba wa daren jiya gaba ɗaya, don shi ne ke ɗaga alkaki ko ya kayar da shi. Sukari kilo 1, ruwa giram 550, ruwan tsamiya da aka tace giram 60. Larabawa lemon tsami suke matsawa a nasu, aikin ɗaya ne: tsami ne ke hana sukari komawa ƙanƙara idan ya huce. Sai dai tsamiya tana ba shi launi da wani ɗanɗano da lemo ba ya bayarwa. Da an fara tafasa ba a ƙara juyawa.

Hajiya tana gane ya yi ne ta ɗiga a yatsa, ta haɗa da babban yatsa ta buɗe, in zare ɗaya ya miƙe bai tsinke nan take ba, a sauke. Na tsoma ma'auni daidai lokacin da ta ce a sauke: 107. Na sa ta maimaita da wata tukunyar ba tare da ta ga allon ba. Ta ce a sauke, na duba: 107. Na nuna mata, ko a jikinta.

Alkaki da zafinsa ake tsoma shi, ruwan sukarin kuma ya zama da ɗumi, ba yana tafasa ba. Ya yi minti biyar yana sha, a tsame a kwando. Mai son na zuma sai ya maye kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin da ita, bayan an sauke.

Alhamis, 20 ga Maris

Ma'amul na Sallah. Yaran suka yi daga farko har ƙarshe da littafi, ni ina wanke-wanke, Hajiya tana ɗaki da carbinta. Faranti na farko zanen ya ɓace, don man ya saki da zafin hannu. Auta ce ta ce a sa bugaggun a firij na minti 20 kafin su shiga wuta, dabarar da ta gani wurin masu gashin biskit. Ta yi aiki. Na rubuta ta a gefen shafi da sunanta. An jera a gwangwanaye, garin sukari sai ranar ci.

Alhamis, 27 ga Maris (27 ga Ramadan)

Goman ƙarshe ba lokacin kicin ba ne, amma dibyaza ba ta jira, a kwanakin nan ake yin ta. Wanda bai zauna Hijaz ba bai san ta ba: ita ce ke zama a tsakiyar karin kumallon safiyar Sallah a gidajen Makka da Jidda da Madina, kusa da burodin shuraik, cuku, zaitun da halawa.

Tushenta ƙamaruddin ne, busasshen mishmish (apricot) da aka shimfiɗa falle-falle. A yayyanka giram 400, a jiƙa a ruwa lita 1 ya kwana, a dama ya narke, a ɗora a wuta da sukari. A gefe a soya lauz (almond), kashu, fustuƙ da bunduƙ (hazelnut) a man shanu, kowanne shi kaɗai, don ba tare suke yin ja ba. Sai busasshen ɓaure, mishmish, zabibi da busasshen dabino, a yanka a zuba, a bar ta tana ɓararraka a ƙaramar wuta har ta yi kauri ta kama bayan cokali. Da ta huce za ta ƙara kauri, saboda haka a sauke tun tana ɗan gudu.

Sukarin ne na kasa tsayarwa a lamba ɗaya, don wani ƙamaruddin ya fi wani tsami. Na rubuta giram 150 zuwa 250, a ɗanɗana. Hajiya tana ƙara abin da ban gani a gidajen Larabawa ba: ƙwayar kanumfari uku da ɗan yankin citta, a tsame kafin a sauke. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Ba kowa. Bakina ne ya nema." A ƙarshe ɗigon ruwan wardin Ɗa'if.

Laraba, 2 ga Afrilu (4 ga Shawwal)

An yi Sallah ranar Lahadi, rana ɗaya da gida. Alkaki ya ƙare tun yammacin ranar, ma'amul ya kai jiya, dibyaza saura kwano ɗaya a firij da maigida ya ce nasa ne. Matan dangi da dama sun ɗauki hoton shafukan littafin, wata ta tura wa 'yarta da ke aure a Riyad. Goggo ta karanta shafin alkaki ta ce man ya yi kaɗan, uwarta ta fi sa haka. Hajiya ta ce uwar tata 'yar Zariya ce. Na buɗe wa Goggo shafi nata.

Huɗu sun shiga littafi. Nakiya ce ba a taɓa ba. Tana son shinkafa a wanke, a shanya, a niƙa, a soya garin, sannan a daka da man shanu da zuma da kayan yaji har ta haɗe, kuma Hajiya ta ce ba ta yarda da nakiyar inji ba, sai turmi. Gidan sama muke, maƙwabcinmu na ƙasa ba zai ɗauki daka ba. Yayar maigida tana da turmi da tsakar gida, ta ce mu zo bayan Sitta Shawwal, kafin garin ya rufe da shirin Hajji. Kafin nan zan sayo shinkafar tuwo a Shari'a Mansur, in kuma sake batirin sikeli.